Ra'ayinmu: Tsohuwar Mazda Mai Injin Rotari, a Saya ko a Bari?

Duk saurayin da ke son tuƙi don daɗin tuƙin, wata rana zai ci karo da hoton Mazda RX-8 a shafin dillalan mota, ya tsaya yana kallo. Mota ce gajeriya mai faɗin ƙirji, ƙofofinta huɗu amma na bayan ta baibai suke buɗewa, kuma kuɗin da ake sa mata a gwanjon Amurka da kasuwannin Ingila bai yi daidai da kyan surarta ba, ya yi ƙasa ƙwarai. Yayarta RX-7, wadda fina-finan Fast and Furious suka ƙara wa suna, ta riga ta yi tsada, ta koma hannun masu tara motoci. RX-8 ce ta rage a inda hannun mai matsakaicin ƙarfi zai kai. Ɗaiɗaikunsu sun shigo ƙasar nan. Wasu suna kan titi, wasu kuma an lulluɓe su da tamfol a bayan gareji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Dalilin arahar da dalilin tamfol ɗin guda ne, yana nan a ƙarƙashin bonet.

Injin da ke cikinta ba shi da fistin, ba shi da bawul, ba shi da bel ɗin taimin. A madadinsu akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa a kumbure, ana kiransa rota, yana juyawa cikin wani gida mai siffar lamba 8 mai kaurin ƙugu. Kowace fuska daga cikin fuskokin rotan uku tana zuƙar iska da fetur, ta matse su, filogi ya kunna, ta tura hayaƙi waje, duk a zagaye guda. Motar tana da rota biyu da sanda guda da suke juyawa, su ukun nan ne manyan sassan da ke motsi. Idan sandar ta juya sau uku, rota ya juya sau ɗaya, shi ya sa allurar RX-8 mai giyar hannu ke kaiwa juyi 9,000 a minti ba tare da injin ya yi kakari ko jijjiga ba. Girmansa a takarda lita 1.3 ne, ƙarfinsa kuwa doki 231 a samfurin Turai. Camry mai lita 2.4 da ta cika titunanmu kusan doki 160 take bayarwa.

Felix Wankel, Bajamushe, shi ya ƙirƙiro wannan injin na rotari, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957. Duniyar motoci ta ruɗe a kansa na ɗan lokaci. General Motors ta sayi lasisi, Mercedes ta ƙera motocin gwaji, Citroën ta fitar da nata. NSU ta saka shi a motarta Ro 80 a 1967, motar ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai, sannan injunan suka riƙa mutuwa tun ba su yi wata tafiyar kirki ba. Sauya wa jama'a inji kyauta ya karya kamfanin, Volkswagen ta haɗiye shi a 1969. Sauran duk suka janye. Mazda ta birnin Hiroshima kaɗai ta dage. Ta karɓi lasisi a 1961, ta ɗora injiniyoyi 47 a kan aikin ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka yi shekaru suna fama da wani karce da ke fitowa a bangon gidan rota, har suka shawo kansa suka fitar da Cosmo Sport a 1967. Tsadar mai ta 1973 ta kusa durƙusar da kamfanin, domin injin mashayin fetur ne, amma a 1978 suka fitar da RX-7. A 1991 motarsu 787B mai rota huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da wani kamfanin Japan ya yi hakan, kuma babu wani da ya sake yi sai Toyota a 2018. RX-8 ta fito a 2003, aka daina sayar da ita a Turai a 2010 saboda ta kasa cika ƙa'idar hayaƙi, aka rufe ƙera ta baki ɗaya a 2012.

Wannan tarihin ya isa ya nuna cewa masoyan injin ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta da kyau. Injin ƙarami ne mara nauyi, don haka aka tura shi can baya da ƙafafun gaba, aka kwantar da shi ƙasa, nauyin motar ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Direban da ya shiga kwana da ita zai ji motar tana bin sitiyari tun kafin ya gama murɗawa. Ƙarar injin wata iri ce, siririya, tana hawa ba ta yankewa. Akwai kujeru huɗu da manya za su iya zama. Kuma inji da ya yi awa 24 yana gudu a Le Mans bai tsaya ba, ba za a kira shi rago ba. Masu shi suna cewa, kuma akwai gaskiya a maganarsu, yawancin injunan da suka mutu jahilcin masu su ne ya kashe su: an riƙe su kamar Corolla alhali ba Corolla ba ne. Akwai tsofaffin RX-7 marasa turbo da suka yi doguwar rayuwa a hannun mutanen da suka san buƙatunsu.

Mun yarda da wannan. Amma mun lura masoyan sukan tsaya a nan, su bar mai saye ya gano sauran da aljihunsa.

A kowace kusurwar rota akwai wani siririn ƙarfe, kaurinsa milimita 2, sil ɗin kusurwa, wanda ke gogar bangon gidan don kada matsi ya zurare daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shi ne ke aikin da ringi ke yi a injin fistin, sai dai shi yana cikin wuta tsundum, kuma baƙin man da ke cikin inji ba ya isa gare shi da kansa. Saboda haka Mazda ta sa wani ƙaramin famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta da gangan, ya shafa sil ɗin, ya ƙone tare da fetur. Ke nan motar lafiyarta ƙalau ma tana shan baƙin mai, haka aka halicce ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawa ba su san rariya suka saya ba. Mutumin da ya saba sai lokacin juye yake tuna sandar awon mai, a wannan motar dole ya riƙa zaro ta kusan duk sha biyu na fetur, da galan a but yana ƙarawa. Samfurin 2004 zuwa 2008 yana da maɗigar mai biyu ga kowane rota, kuma ba sa kai mai tsakiyar sil ɗin yadda ya kamata. Mazda da kanta ta tsawaita garantin injin waɗannan shekarun a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000, sannan a samfurin 2009 ta ƙara maɗiga ta uku. Kamfani ba ya yin haka a kan abin da ba shi da matsala. Garantin nan kuwa ya ƙare tuntuni, motar da za ta iso Kano ko Kaduna yau ba ta da kowa sai mai ita.

Sai wutar inji. Kowane rota filogi biyu gare shi, kowane filogi da koyil ɗinsa, kuma saboda yawan juyi suna aiki fiye da na sauran motoci, suna gajiya da wuri. Masu motar a ƙasashen waje sukan sauya su a wajen kilomita 50,000 ko ba su nuna alama ba. Idan aka bari koyil ya raunana, fetur zai riƙa fita ɗanye, ya shiga salansa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ya narkar da ita ta toshe. Zafin da ya rasa mafita sai ya koma kan injin. Abin da ya fara da koyil na 'yan kuɗi kaɗan ya ƙare a sauke inji.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ba sabon mai ita mamaki. Da sanyin safiya mutum ya tayar da motar, ya fitar da ita ƙofar gida don yaro ya wanke, ya kashe. An gama wanki, ya murɗa makulli, kik yana juyawa wayam, mota ta ƙi tashi. Fetur ɗin da injin ya zuƙa da yawa lokacin yana sanyi ya jiƙa filogi, ya wanke man da ke bango, matsi ya gudu. Dabarar ita ce a take totur har ƙasa yayin murɗa makulli, domin hakan na sa kwamfutar motar ta yanke fetur har ɗakin ya bushe. Wani lokaci dabarar ta ci, wani lokaci sai an kwance filogi. Zafin ƙasarmu yana rage wannan, amma safiyar hunturu a Jos ko Zariya ta isa ta jawo shi. Dokar masu motar ita ce idan ka tayar, kada ka kashe sai ta yi ɗumi. Haka kuma injin ba ya son lallaɓawa. Wanda kullum yake tafiyar hawainiya a cunkoson gari zai tara baƙin gawayi a ciki har sil ya manne, shi ya sa masu giyar otomatik na farkon fitowa, waɗanda injinsu ya fi rauni kuma ba a cika kai shi ƙarshen allura ba, suka fi saurin mutuwa. Wannan abin lura ne a nan, tunda kasuwarmu otomatik ta fi so.

Fetur kuwa, lissafin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nuna RX-8 mai giyar hannu tana yin abin da bai kai kilomita 7 ba a kan lita guda cikin gari, da kaɗan fiye da 9 a babbar hanya. Corolla ta zamaninta tana yin wajen 11 a gari. Kano zuwa Kaduna kaɗai zai ci lita ashirin da wani abu. Kafin 29 ga Mayun 2023 wani zai iya kau da kai daga wannan lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar, babu mai kau da kai.

Duk abin da muka lissafa, mai RX-8 a Landan ko Osaka ma yana fama da shi. Namu ya fi nasu da abubuwa da dama, kuma mafi girma shi ne zafi. Jikin injin rotari jeri ne na faifan ƙarfe da gidajen alminiyam, an ɗaure su da dogayen kusoshi, da siraran robobi a tsakani da ke hana ruwan lagireto shiga ɗakin wuta. Alminiyam da ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Injin fistin zai iya tafasa, a sauya gasket, a kankare kan silinda, a ci gaba da tafiya. Rotari idan ya tafasa sau ɗaya da kyau, sau da yawa robobin nan sun tafi ke nan, kuma ba a kai gare su sai an wargaza injin ɗungurungum. Allurar zafi ta RX-8 kuma ba ta motsi daga tsakiya sai abu ya riga ya yi nisa. A sa wannan a cunkoson watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, AC a kunne, ma'aunin zafi ya haura 40, ƙurar hunturu ta riga ta cushe haƙoran lagireto. A ƙara da al'adun gareji da muka gada: cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasa wai don na ƙasar sanyi ne, da ɗura ruwan rijiya a lagireto. A injin 13B, wato rotarin da ke cikin RX-8, tamostat ɗin ne ke rufe wata ɓarauniyar hanya da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Ruwan rijiya kuma yana cin bakin ramin da robobin ke zaune.

Man fetur ɗin ma abin dubawa ne. An ƙera motar don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa a gidajen manmu famfo iri ɗaya ne, abin da ya zo shi za ka sha. Ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba, wanda ya lalata motocin jama'a. Injin fistin yakan jure ƙwanƙwasar mugun mai na wani lokaci. Sil mai kaurin milimita 2 ba ya jurewa, musamman idan akwai turbo.

Ba mu raina kanikawanmu. Mutanen da suka tashi a kan kafireto suka koyi nozul da kwamfutar mota ba tare da makaranta ba, yanzu har batirin motocin haibirid suke buɗewa, ba za a ce rotari ya fi ƙarfinsu ba. A gaskiya haɗa shi ya fi haɗa V6 sauƙin fahimta, sassansa kaɗan ne. Abin da yake buƙata shi ne teburi mai tsabta inda iska ba ta kawo yashi, da ma'aunan awo masu ganin ƙasa da kaurin gashi, da littafin kamfani a buɗe, da haƙurin auna kowane sil kafin a saka. Sannan yana buƙatar maimaici, kuma nan ne gizo ke saƙa. Bakanike yana ƙwarewa a kan abin da ke shigo masa kullum. Wanda zai ga rotari sau ɗaya a shekaru, a kan motarka zai koya, da kuɗinka. Kayan gyaran ma ba za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ka ɗauko su a kan tebur ba. Abin daɗi shi ne Mazda ba ta daina ƙera sassan 13B ba, har ta dawo da wasu kayan RX-7 da ta daina, kuma a 2023 ta sake fitar da rotari a matsayin janareta cikin motar lantarki MX-30. Ana samun kayan. Amma da dala ake saye, a jira jirgi, a biya kwastan, motar tana kan jak. Sake gina injin gaba ɗaya aikin dubban daloli ne, wanda sau da yawa ya kai kuɗin motar ko ya zarce. Injin tokumbo kuma caca ce: ba ka san abin da ya sa aka cire shi daga motarsa ba.

To, wanda ya ji duk wannan kuma zuciyarsa ba ta sauka ba, ta yaya zai gane mai lafiya? Injin rotari mai mutuwa ba ya ƙara, ba ya hayaƙi dole, yana iya gudu lafiya a gwajin minti goma. Alamarsa tana fitowa ne idan ya yi zafi. A tuƙa motar rabin awa, a tsaya, a kashe, a ɗan jira kamar wanda ya shiga shago sayen ruwa, a sake murɗa makulli. Mai lafiya za ta kama nan take. Wadda matsinta ya tafi za ta yi ta juyi, daƙiƙa biyar, goma, kafin ta kama da ƙyar, ko ta ƙi sai ta huce. Wannan gwajin kyauta ne, amma sabon batir da kik mai sauri suna iya ɓoye cutar. Tabbataccen gwaji shi ne awon matsi, kuma ma'aunin da ke akwatin yawancin kanikawa ba zai yi ba, domin yana riƙe adadi mafi girma ne kawai. Rota mai fuska uku, idan ɗaya na da lafiya biyu sun mutu, ma'aunin zai nuna ta lafiyar, kowa ya yi murna. Ma'aunin rotari na musamman yana ba da adadi uku ga kowane rota, shida ke nan, tare da saurin juyin kik, a kan inji mai zafi. Littafin Mazda ya sa mafi ƙarancin abin karɓa a kilofaskal 680 idan kik na juyi 250 a minti. Na'urar ba ta kai kuɗin saitin tayoyi masu kyau ba, kuma wanda ke shirin kashe miliyoyi a kan mota bai kamata ya ji ƙyashin sayenta ba. A kuma duba ɓangaren sitiyari: motocin Japan da Ingila na dama ne, doka ba ta yarda da su a titunanmu ba, kuma sauya sitiyari a irin wannan motar yakan bar ta da matsalolin waya da ba sa ƙarewa.

A nan muna da magana da masu sayarwa. Dillalin da ya san mota ba ta tashi da zafi, ya sa mai saye ya zo da sassafe, ya tayar masa da ita a sanyi, ya karɓi la'adarsa, ya ci haram, ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa ɓoye aibin kaya yana ba mai saye damar mayarwa. Aibin rotari irin wanda ba a gani da ido ne, don haka nauyin faɗa ya fi yawa a kan wanda ya sani.

Batun gyare-gyaren ƙawa da ƙarin ƙarfi shi ne inda matasa suka fi zumuɗi, kuma inda muka fi son su ja birki. Akwai sauye-sauyen da muke goyon baya ba tare da wata-wata ba, domin tsawon rai suke ƙara wa injin: lagireto na alminiyam mai kauri, sa fanka ta riƙa tashi da wuri, ma'aunin zafi na gaskiya da ke karanta adadi daga kwamfutar motar, koyil masu inganci, kik mai sauri irin na samfuran da suka biyo baya. Da yawa daga masu motar kuma suna zuba ɗan man inji mai bugu biyu, irin na tsofaffin babura da ƙaramin janareta, a cikin tankin fetur don ƙara wa sil maiƙo. Masana suna saɓani a kan adadin da kuma illarsa ga matatar hayaƙi, amma ga samfurin 2004 zuwa 2008 hujjar masu yi ta fi ƙarfi a ganinmu. A RX-7 ta ƙarshe, mai turbo biyu da ke karɓar aiki ɗaya bayan ɗaya, akwai tarin siraran tiyo da zafi ke busarwa su tsage, sauya su duka aikin hankali ne.

Neman ƙarin doki kuwa wani abu ne daban. Masu sana'ar a Japan da Amurka da Ostareliya suna faɗaɗa ƙofofin shigar iska a jikin faifan, suna sa babban turbo guda, suna fitar da ƙarfi mai ban tsoro daga injin lita 1.3. Gaskiya ne, ana gani a bidiyo. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ɗakin gwaji inda aka ɗaure motar a kan na'ura ana daidaita fetur da wuta awa da awanni, da fetur mai daraja da suke samu a kowane gidan mai, da injunan da suka fashe kafin wannan. Injin RX-8 musamman, matsinsa ya yi yawa, ƙofofin hayaƙinsa a gefe suke, bai dace da turbo ba. Sa masa turbo a nan, da man da muke da shi, a hannun wanda zai daidaita da kunne, hanya ce ta kashe shi cikin makonni. Idan sil ya karye ba ya tafiya shi kaɗai, yana karce gidan rota, gutsattsarinsa su bi hayaƙi su cinye fukafukan turbo. Fasa salansa don ƙara kuwa, rotari ba tare da salansa ba ƙararsa ta wuce misali, kuma maƙwabci mai jinya ko mai jariri yana da haƙƙi. Haka ma masu mayar da titin unguwa filin wasan mota ranar biki: motar tsere wurinta fili ne da aka killace, ba inda yara ke tsallaka titi ba.

Saura masu cewa a cire rotarin kawai a dasa injin Toyota a huta. Masoya rotari suna ganin wannan cin amana ne. Mu ba mu kai shi can ba. Motar da injinta ya mutu, mai ita ba shi da halin sake gina shi, gara a dasa mata wani ta ci gaba da amfani da a bar wa 'yan gwangwan. Amma a san aikin ba ƙarami ba ne. Sitiyarin RX-8 na lantarki ne, shi da allon mita da birkin ABS duk suna magana da kwamfutar injin asali, idan aka cire ta sai an nemi mai wayarin da zai sasanta su. Injin fistin ya fi tsawo da nauyi, daidaiton nan da aka so motar dominsa zai ragu. Wanda kuma tun farko da niyyar dashe zai saya, ya fi masa sauƙi ya nemi motar da aka haifa da fistin, irin Nissan 350Z, ya huta da walda.

Ra'ayinmu shi ne, ga mafi yawan masu karatunmu, a bari. Wanda wannan ce za ta zama motarsa tilo, da ita zai je aiki, da ita za a kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kada ya saya, komai arahar da aka yi masa. Wanda bashi zai ci, ko kuɗin sayen ne iyakar abin da ya tara, shi ma kada ya saya, domin kuɗin sayen RX-8 kafin alƙalami ne kawai. Amma ba mu tare da masu cewa motar banza ce, ko sha'awarta almubazzaranci ne. Mutanenmu sun san kiwon doki, sun san akwai abin da ake riƙewa don ƙauna ba don riba ba, kuma inji irin wannan, da kamfani guda ya yi shekara sittin yana karewa, ya cancanci a samu masu raya shi a nan ma. Wanda ke da wata motar ta yau da kullum, yana da inuwar ajiye wannan, zai iya ware kuɗin sake gina inji ya ajiye gefe tun ranar saye, yana jin daɗin karanta littafin gyara da ɓata hannunsa da baƙin mai, kuma ya samu bakanike guda mai tsabtar aiki da ya yarda su koya tare, wannan ya saya. Ya nemi mai giyar hannu, samfurin 2009 zuwa sama idan ya samu, ya fara da lagireto da koyil kafin ya yi tunanin rim da fenti.

Kuma ko shi, sai bayan ya ga adadi shidan nan da idonsa a kan inji mai zafi. Idan mai motar ya ce babu lokaci, ko akwai wani mai saye a hanya, ko ba a taɓa masa filogi, a yi masa godiya a bar masa motarsa.